Ranar da tumatirin mutane ya ruɓe a hannuna

Ƙannena masu shiga harkar tuƙi, musamman ku da kuke jigilar kayan gona zuwa kasuwannin mako, akwai wata 'yar takarda da ake liƙawa a gefen gilashin gaban mota. Faɗinta bai kai tafin hannu ba. Ita ce shaidar ka biya kuɗin lasin motarka na shekara, a jikinta akwai lambar motar da ranar da wa'adinta zai cika. Na raina ta, na kuwa ɗanɗana kuɗata.

Shekarata biyu ke nan da mallakar akori-kura lokacin da abin ya faru. Ƙauyenmu yana ƙasar Ringim, sana'ata kuwa kwasar kayan lambu daga fadama in kai kasuwa. Takarduna sun mutu tun watan Nuwamba, kuma ina sane. Yau in ce bari in canja taya, gobe in ce bari a wuce sunan gidan yayana. A hanyar burji babu mai tambayarka takarda, in ka hau kwalta aka tsare ka, sai ka miƙa na goro ka wuce. Haka na ga ubangidana yana yi tun ina yaron mota, ban taɓa ɗaukarsa laifi ba.

Wata Lahadi cikin watan Maris, ranar kasuwar Gujungu, na yi lodi tun kafin assalatu. Kwandunan tumatir ne maƙil, da buhunan tattasai a sama, ko ɗaya babu nawa. Na mutum bakwai ne. Cikinsu akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Inna, mijinta ya rasu, jikanta ne ke yi mata ban ruwa. Kwandonta uku, ta zauna a gaba kusa da ni tana jan carbi.

Ba mu yi nisa a kan kwalta ba muka tarar da shinge. Jami'in bai ma dube ni ba, gilashi ya nufa, ya sa yatsa ya goge ƙurar da ta rufe takardar.

"Direba, wannan ai ta mutu wata huɗu ke nan. Ina sabuwa?"

"Yallaɓai, ana kan yi."

Na naɗe kuɗi a tafin hannu na miƙa. Ya ce, "Malam, mayar da kuɗinka aljihu. Faka a gefe."

Gaskiyarsa ce, ban da ta cewa. Aka rubuta min tara, aka ce motar za ta kwana a wurinsu. Sai a lokacin na tuna ranar Lahadi ce, babu banki, babu ofishin lasin. Muka sauke kaya a bakin titi. Duk motar da ta zo a cike take, kowa kasuwar ya nufa. Rana ta take, babu inuwa sai ta wata 'yar aduwa. Kafin mu sami motar da za ta kwashe mu an yi azahar, manyan masu saye sun gama lodi, sai 'yan tayin wulaƙanci. Kwandunan ƙasa kuwa tuni ruwa ke tsiyaya daga gindinsu, ƙuda ya yanyame su. Inna ta ɗaga ganyen da aka rufe nata, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ɗan nan, da ka faɗa mana, ai da mun bi wata motar." Ba ta ƙara ko kalma ba har muka koma gida. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi, domin ni kaɗai na san takardar nan matacciya ce, na kuma ɗora dukiyar marayu a kanta.

Tarar ita kanta ba ta taka kara ta karya ba. A jadawalin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, laifin lasin mota naira 3,000 ne, na lasin tuƙi 10,000, tuƙi da takardun jabu 20,000, jihohi kuma suna da nasu dokokin. Wannan ƙaramin adadin ne yake ruɗar mu, sai mutum ya ce in an kama ni na biya. Ba ya lissafa kwanan da motar za ta yi a tsare, da kuɗin sabunta takardun da dole sai ya biya bayan tarar, da kayan mutane. Ni sai da na sayar da tumaki biyu na rage wa masu kaya asara, mutum uku kuma ba su sake ba ni lodi ba.

Kuskure na biyu ya fi ƙona min rai. Don in karɓo motar da wuri, na damƙa kuɗi a hannun wani da ke zama a tasha yana cewa ya san hanya. Ya kawo min takardu sababbi ƙal, inshorar ma a rabin kuɗi. Sai bayan watanni wani ɗalibi ɗan garinmu ya sa lambar motata a wayarsa, a rumbun bayanan kamfanonin inshora, aka ga babu ni babu dalilina. Garin gyaran gira na kusa rasa ido, don da an kama ni da ita, laifin jabu za a rubuta min. Ku sani, tun Janairun 2023 inshorar ƙaramar motar gida ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta motocin kaya ta fi haka, kuma daga 1 ga Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Duk wanda ya ce zai yi maka a ƙasa da farashi, takardar banza zai buga maka.

Zamanin ma juyawa yake yi. A Ingila tun Oktoban 2014 aka daina liƙa takardar haraji a gilashi, kyamara ce ke karanta lambar mota ta gano wanda bai biya ba. Mu ma bayanan motocinmu kwamfuta suke komawa, ita kuwa ba ta karɓar na goro.

Ka tafi ofishin hukumar tara haraji ta jiha da ƙafarka, ka biya, ka karɓi rasit. Kafin ka fito ka gwada lambar mota da lambar shasi da abin da aka buga, harafi ɗaya in ya kuskure wahala ce. Lasin tuƙi daban, lasin mota daban, inshora daban, takardar lafiyar mota daban, kowacce da ranar mutuwarta. Ta liƙawar ka liƙa ta nan take, kada ka bar ta a gida ƙarƙashin katifa, don a bakin shinge abin da ka nuna shi ake gani. Ni yanzu da kaka nake sabunta nawa, da an sayar da riɗi, tun kuɗin bai shige hidimar gida ba.