Motar Rimot a Kan Gargada: Zafi, Ƙura da Dira

Motar rimot da aka ƙera domin jeji ba ta cika mutuwa saboda karo da dutse ba. Karo hannun taya yake karyawa, a sa sabo cikin minti goma a ci gaba da wasa. Abin da ke cin ta a hankali shi ne zafi da ƙura da mummunar dira, kuma duka ukun ana iya tare su.

Iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai ta gudu da tsalle, irin su Traxxas Slash da Arrma Kraton. Akwai kuma ta hawan dutse, irin su Axial SCX10 da Traxxas TRX-4, wadda a hankali take tafiya, amma tana hawa inda ta gudun ba za ta ko tunkara ba. Ga mai farawa, girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, ya fi dacewa. Ƙanana irin 1/18 da 1/24 cikinsu na kusa da ƙasa, ciyawa kaɗan sai ta riƙe su.

Zafi ne babban abokin gaba. A kan fako taya na mirginawa salin alin, amma a cikin yashi ko doguwar ciyawa injin yana jan wuta fiye da kima. Bayan minti biyar na farko ka tsaya ka auna. Idan kana da ma'aunin zafi mai haskawa, kada jikin injin ya haura digiri 70 zuwa 75 a ma'aunin Celsius. Idan babu, ɗora yatsa: in ba ka iya barinsa daƙiƙa uku ba, ya yi zafi da yawa. Maganin yana wurin ƙaramar giyar da ke kan bakin injin. Sauya ta da wadda ta gaza ta da haƙori biyu. Gudun zai ragu kaɗan, ƙarfin ja ya ƙaru, zafi ya sauka. Mutane da yawa akasin haka suke yi, su ƙara haƙora don neman gudu, su sa manyan tayoyi a kai, sannan su yi mamakin yadda maganaɗisun injin ya mutu. Babbar taya ita ma tamkar ƙarin haƙora ce.

Duk lokacin da ka taɓa wannan giya, sai ka sake daidaita haɗuwarta da babbar giyar roba. Yanki siririyar takarda ka sa tsakaninsu, ka matso da injin har haƙoran su cije takardar, ka ɗaure kusoshin, sannan ka juya giyar takardar ta fito. Riƙe ƙaramar, ka girgiza babbar da yatsa. Ya kamata ka ji wani ɗan motsi ƙas-ƙas, kamar kaurin gashi. In babu motsin, sun matse, za ka ji ƙara mai tsini kuma injin zai gasu. In motsin ya yi yawa, dira ɗaya ta isa ta aske haƙoran robar tas. Kuma kada ka shafa giris a waɗannan giyoyi biyu idan a buɗe suke, domin giris da yashi in sun haɗu sun zama dutsen washi.

Sai shokazoba. Man silikon ne a cikinta, kuma a motar 1/10 yawanci ana farawa daga mai lamba 30 zuwa 40. Mai kauri yana hana cikin motar dukan ƙasa bayan tsalle, amma a kan tsakuwa da ƙananan ramuka yana sa ta riƙa tsalle-tsalle kamar fara, tayoyin ba sa zama a ƙasa. Mai ruwa-ruwa yana lashe gargada, sai dai motar tana nutsewa in ta faɗo daga sama. Gwaji mai sauƙi: ɗaga ta da batirinta a ciki kimanin tsawon kamu ɗaya, ka sake ta. Ta sauka ta zauna sau ɗaya, ba ta buga ciki ba, ba ta yi ta lilo ba. Wurin zuba man, ka motsa sandar sama da ƙasa a hankali, ka jira kumfa ta gama fita kafin ka rufe.

Dira kuwa a yatsa take. Mota na sama, in ka ba ta wuta hancinta zai ɗaga, in ka taka birki hancin zai sunkuya. Da haka ake miƙar da ita ta sauka a kan tayoyi huɗu. Amma kafin ta taɓa ƙasa, saki wutar. Tayar da ke juyawa da cikakken gudu in ta cafki ƙasa farat ɗaya, duk ƙarfin yana komawa kan sandunan da ke juya tayoyi da giyoyin ciki. A nan ne nake ƙin shawarar mayar da hannayen taya na roba zuwa na alminiyam. Roba tana lanƙwasa ta dawo, in ta karye ita kaɗai ta karye. Alminiyam ba ya saurin karyewa, sai ya miƙa dukan ga akwatin giya, wanda ya fi wuyar gyara.

Ta hawan dutse lissafinta daban. Nauyi ake so a ƙasa kuma a gaba, kusan kashi 60 a gaba, 40 a baya, shi ya sa ake sa nauyin tagulla kusa da tayoyin gaba. Ana tuƙa ta da wuta kaɗan-kaɗan, taya a kan dutsen, ba dutsen a ƙarƙashin ciki ba.

Batirin LiPo, wato batirin caji da ake sa wa waɗannan motoci, ba a yi masa ganganci. Kowane ɗaki nasa, wato ƙwayar batir ɗaya da ke cikinsa, yana cika a volt 4.2, amma lambar da ake rubutawa a jikinsa ba ta cikar ba ce: mai ɗaki biyu shi ake rubuta wa 7.4, mai uku 11.1. Ka tabbata na'urar da ke yanke wuta in ɗaki ya sauka wajen 3.2 a kunne take. Mai 5000mAh a yi masa caji a amfiya 5, da cajar da ke daidaita ɗakunan, kana kusa. In zai kwana biyu ba a yi amfani da shi ba, a bar kowane ɗaki a volt 3.8. Wanda ya kumbura ko dutse ya huda shi, ya gama aiki, domin yana iya kamawa da wuta.

Rimot ake fara kunnawa kafin mota, shi ake kashewa a ƙarshe. Bayan wasa, cire batir, ka kakkaɓe ƙura da burushi, ka juya kowace taya da hannu. Wadda ka ji tana gurzawa, boris ɗinta ya sha yashi, sauya shi da mai murfin roba. In an shiga ruwa, matse tayoyin, domin soson da ke ciki yana shan ruwa ta ƙananan hujojin iska, taya ta yi nauyi gefe ɗaya ta riƙa girgiza motar. Sannan ka bi notin tayoyi da duk kusar da ta shiga ƙarfe, ka ɗiga mata shuɗin gam na riƙe kusa. Wadda ta shiga roba ba a sa mata, yana cin robar.