Juma'ar da sabuwar kwamfuta ta ƙi tashi

Juma'a, Jidda.

Sai ƙarfe 2 na dare na ɗaure noti na ƙarshe na kwamfutar da nake haɗawa da kaina jiya, kuma da gangan na ƙi kunna ta. Na ce bari sai da safe, in yi bismilla da ido garau. Wata biyar na yi ina tara kayan nan ɗaya bayan ɗaya daga shagunan titin Khalid bin Walid, duk wata in na karɓi albashi in tsakuro wani abu: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600, modabod (babban faifan da ake ɗora sauran kayan a kansa), ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) guda biyu mai giga 8 kowanne, katin hoto na hannu, akwatin wuta. Tsohuwar laftof ɗina ta gaji. In na ɗora mata bidiyon masu Umara na minti goma, sai ta yi ta huci kamar tsohuwar a-kori-kura a kan tudu.

Na dawo daga asuba, na jona waya, na danna makunni. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ko fanka ba ta motsa ba.

Ana haka Kawu ya shigo da ledar ful da tamis, wato wake da gurasa, kamar yadda ya saba kowace Juma'a. Shekararsa ta fi talatin a garin nan yana aikin wayarin, saboda haka duk abin da ya lalace a duniya, a wurinsa wuta ce. Ko zama bai yi ba ya ce, "A wane soket ka sa? Gidan nan tsoho ne, akwai na 110 akwai na 220. Ka ƙona ta, kalas." Gabana ya faɗi. Gaskiyarsa ta wani ɓangare, don har yanzu tsofaffin gidajen Jidda suna da layi biyu, kuma akwatin wutar kwamfutocin da yana da wani ɗan jan maɓalli a baya na zaɓar 115 ko 230, wanda in ka kuskure sai ka ji tau da hayaƙi. Na karanto masa rubutun jikin nawa: 100 zuwa 240, shi ke daidaita kansa. Ya taɓe baki, bai yarda ba. Garin leƙa bayan ne kuma ya ga makunnin akwatin wutar yana kan O. Ya mayar da shi kan I da ɗan yatsa ɗaya, ya dube ni, bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na sake dannawa. Har yanzu shiru.

Wannan karon ban daɗe ba na gano. Siraran wayoyin nan da ke fitowa daga gaban akwati, waɗanda rubutunsu sai ka ƙanƙance ido, na soka ta makunni a kan fil ɗin da ba nata ba. Na zare ta, na duba zanen littafin modabod, na ɗauki sukundireba na haɗa fil biyun da bakinsa. Fankoki suka ɗauka gaba ɗaya. Kawu ya ce "Masha Allah," ya zauna ya fara yagar tamis. Ni ma na saki jiki na zuba shayi.

Ashe ba a fara ba. Allo baƙi ƙirin. Fanka ta juya kamar daƙiƙa goma, ta tsaya, ta sake ɗauka, haka dai ba ci gaba. A gefen modabod akwai ƙananan fitilu huɗu a jere, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT. Kwamfuta kan bi su ne bi da bi tana duba kayanta kafin ta nuna komai, inda ta maƙale nan fitila ke tsayawa. Tawa ta wuce ta farko, ta kafe a DRAM, wato fitilar ram.

Nan take na yanke hukunci: an sayar min da mataccen ram. Har fuskar yaron shagon na dinga gani, yadda ya yi saurin cusa shi a leda. Shagon kuma ba ya buɗewa ran Juma'a sai bayan la'asar. Na ɗauki waya na naɗi saƙon murya a WhatsApp, minti biyu cur, da gurguwar Larabcina da ke ƙara karyewa in raina ya ɓaci. Uwargida tana jina daga kicin. Ta leƙo ta ce, "Abban yara, kar ka tura tukuna. Laifi tudu ne." Na ce mata wannan ba harkar ɗinki ba ce. Amma ban tura ba.

Allah ya yafe min, rabin huɗubar yau a kan ram na saurare ta. Liman yana magana a kan haƙƙin maƙwabci, ni ina lissafin ko rasit ɗin yana cikin aljihun wace riga.

Bayan mun ci abinci Kawu ya kishingiɗa a ƙarƙashin esi, ni kuma na yi abin da ya kamata in yi tun jiya kafin in ɗaure komai. Na kwance modabod daga akwati, na ɗora shi a kan kwalinsa, na bar firosesa da fankarsa da katin hoto kawai. Na cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na jira minti biyar don saitin ya koma yadda ya zo, na mayar. Na sa ram ɗaya a rami na biyu daga firosesa, wanda littafin ya kira A2. Fitila ta tsaya a DRAM. Na canja da ɗayan. Haka dai. A nan jikina ya fara sanyi, don da wuya a ce sababbi biyu duk matattu ne. In kuwa ba su ba ne, to ko modabod ne, ko na lanƙwasa wata ƙafa a cikin siraran ƙafafun firosesa, wanda shi ne abin da na fi tsoro. Firosesa irin tawa, wadda ake kira ta AM4, ƙafafunta a jikinta suke, guda 1,331, kowace ba ta kai kaurin allura ba.

Na roƙi uwargida ta riƙe min fitilar waya in cire fankar in duba. Ta sunkuyo, ta haska, sai ta yi shiru. Can ta ce, "Wannan abin ai a karkace yake. Nan gefen ya fi can tsayi." Na ce daidai yake. Ta ce, "Shekara nawa ina duba bakin zani? Ba daidai yake ba."

Na kwantar da kaina a kan tebur na duba ta gefe. Daga ƙarshen ƙasa, ga layin ruwan zinariyar haƙoran ram ɗin yana leƙowa, siriri kamar zare ɗaya. Ramukan wannan modabod ta sama kaɗai suke da maƙalli mai buɗewa, ta ƙasa a kafe take. Ni kuwa da na ji na sama ya yi ƙas sai in ɗauke hannu. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Abin da ka yi wata biyar kana tara kuɗinsa, hannunka ba ya yarda ya danne shi da ƙarfi, lallaɓa shi kake kamar ƙwai. Sau shida na cire na mayar yau, duk sau shidan kuskure ɗaya.

Na ɗora manyan yatsu biyu, na runtse ido, na danna har kwalin ya lotsa. Ƙas.

Fitila ta bar DRAM, ta taɓa VGA, ta sauka BOOT, inda dama nan za ta tsaya tunda ban sa Windows ba. Allo dai baƙi. Wannan kam dariya na yi, don na san shi: wayar allo, HDMI, na soka a modabod, alhali 5600 ba ta da sashen hoto a cikinta, a 'yan'uwanta sai masu G bayan lamba. Na mayar da wayar jikin katin hoto. Allo ya yi fari, rubutun BIOS, shafin saitin modabod, ya fito. Ihun da na yi ya tashi Kawu, ya ce, "Wutar ce ko?" Uwargida ta ce, "Wutar ce, Kawu," ta koma kicin tana ƙunshe dariya.

Na sa ram na biyu a rami na huɗu, B2, na danne shi ba tausayi. Giga 16 cif. Gudunsa yana nuna 2133 maimakon 3200 da ke jikin kwali, na kunna saitin XMP mai sakar masa cikakken gudu, ya hau. Sai na goge saƙon muryar nan. Na saurari rabinsa kafin in goge, kunya ta hana ni ƙarasawa.

Daga magariba zuwa bayan isha na mayar da komai cikin akwati. Na ɗaure noti tara, na bi wayoyi ɗaya ɗaya na ƙulle su ta baya har suka yi kyan gani, na rufe gilashin, na goge shatin yatsu da gefen rigata. Ina tsaye ina kallonta, sai ga 'yar autata ta fito daga ƙarƙashin tebur riƙe da wani falle na ƙarfe mai huji-huji. Murfin bayan modabod ne, wanda ta ciki ake maƙala shi, kafin a ɗaura komai.

"Abba, wannan na mene ne?"