Shinƙiɗi, ranar Laraba

Bayan sallar asuba muka bar garin Atar zuwa Shinƙiɗi, a ƙasar Muritaniya, cikin wata tsohuwar Hilux, ni da direba da buhunan shinkafar wani ɗan kasuwa. Ko gari ba mu gama fita ba jandarmomi suka tsayar da mu. A Muritaniya matafiyi yakan buga takardu da yawa masu ɗauke da sunansa da lambar fasfo, duk shingen da ya iso ya miƙa ɗaya ya wuce. Tafiyar ba ta fi kilomita 80 da 'yan kai ba, amma hawan tsaunin Adrar ya sa na yi ta salati a zuci, direba kuwa hira yake da hannu biyu.

Tun ina makarantar allo nake jin ana ambaton malaman Shinƙiɗi, don haka na zaci babban birni zan tarar. Ina! Tsohon garin rabinsa kango ne. Akwai gidan da rairayi ya cika har saman ƙofa, sai da na durƙusa na leƙa ta taga. Nan ne ayarin alhazai ke taruwa tun ƙarni na 13 kafin su nufi Makka, nan kuma raƙuman da ke ɗauko gishiri daga mahaƙar Ijil ke yada zango.

Na yi azahar a tsohon masallacin. Ginin dutse ne, hasumiyarsa mai kusurwa huɗu da ƙwan jimina biyar a ƙololuwa. Babu darduma, kan yashi ake sujada.

Ɗakin littattafan ne ya tsaya mini a rai. Na wani gida ne, gadon kaka da kakanni. Dattijon da ke riƙe da mabuɗin ya sa safar hannu, ya zaro littafin fiƙihu daga cikin kwali, gefensa duk gara ta ci, jan tawadar sharhi kuwa rangaɗau kamar jiya aka rubuta. Na ce, "Baba, ba a kai su Nuwakshot, babban birnin ƙasa, a adana ba?" Ya kalle ni kallon yaro, ya ci gaba da buɗe shafi. UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1996, amma a ganina taurin kan irin wannan dattijo ne ya kawo littattafan nan zuwa yau, kuma shi ne nake tsoron zai ƙarasa su.

Da yamma shayi zagaye uku, ba a tashi sai an shanye na ƙarshe. Gobe kangon tsohon garin Wadan in Allah ya kai mu, idan direba ya sauko daga kuɗin da ya yanka mini.