Innalillahin da ya kuɓuce mini

Da hannun hagu nake danna wayar nan, duk wanda ya ga harafi ya karkace ya yi haƙuri. Na daman yana naɗe da bandeji, a rataye a wuya. Ƙarfe ɗaya saura na dare. Auta ya yi barci, Abbansu ma tuni yake minshari, ni kuwa ido ya ƙeƙashe.

Waɗanda suka ji a waya, e, gaskiya ne, mun yi hatsari. Ba a rasa rai ba, ba karaya. Don girman Allah a daina kiran Umma, hawan jininta ma ya ishe ta.

Lafiya ƙalau muka baro Zariya wajen ƙarfe tara, bayan an kai amarya jiya da daddare. Baffa ke tuƙi, ni ina gaba, Yaya tana baya da Auta a cinyarta, don tun da muka je ya liƙe mata, ni sai in yunwa ta kama shi yake tuna da ni. Mun tsaya a Tashar Yari mun sayi rake. Akwai hazo amma ba mai yawa ba. Tun da aka gyara titin nan ya zama sumul, matasa suka mai da shi filin sukuwa. Sau biyu ina leƙa allurar mota ina ganin ta a kan 120. Na ce, "Baffa, rage wuta." Ya ce, "Anti ke dai akwai tsoro."

Daf da Kwanar Gafan abin ya faru. Kun san yadda wurin yake a kakar tumatir, manyan motoci a jere a gefen titi ana lodin kwanduna zuwa Kudu. Wani mai babur ne ya ɓullo daga bayan wata babbar mota da kwando uku a ɗaure, zai tsallaka. Baffa ya taka birki ya karya sitiyari, muka goge bayan babur ɗin, motar ta yi juyi ɗaya a kan kwalta ta gangara ta daki bakin kwalbati. Ƙarar ce har yanzu a kunnena. Bel ɗin da Baffa ke yi mini dariya a kansa kullum shi ya riƙe ni, ga shatinsa nan daga kafaɗa har ƙirji. Hannu kuma na dafe gaban mota da shi.

Da na fito na ga titi ya yi jajir, sai ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na ce shi ke nan, mun kashe bawan Allah. Ashe tumatir ne. Mai babur ɗin yana tsaye da ƙafarsa, gwiwa a kurje, yana ta tsince abin da bai fashe ba yana zubawa a gaban rigarsa. Dariya ta kama ni, kuka ya biyo baya, bakina kuwa ba abin da yake maimaitawa sai Alhamdulillahi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Auta ko ƙwarzane babu. Yaya ce ta dunƙule a kansa ta rufe shi da jikinta gaba ɗaya, goshinta ya bugi ƙarfen kujera. Jini yana zubo mata har gira, ita kuwa juya yaron take tana duba yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Wani ya kira 122, 'yan Road Safety suka zo ba da jimawa ba. Jami'in ya tunasar da Baffa cewa ƙaramar mota ba ta wuce 100 a babban titi, Baffa ya sunkuyar da kai, yau ba bakin magana. Shi ya tsaya jiran janwe da sasantawa da mai tumatir, mu aka wuce da mu asibiti mafi kusa.

An yi wa Yaya ɗinki uku. Ni likita ya matsa wuyan hannuna na yi ƙara, ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi. Kafin a shiga da ni sai wata sista mai tabarau ta tare ni da kati a hannu.

"Maman yaro, yaushe rabonki da al'ada?"

Na ce, "Sista, goyo nake. Tun da na haihu ban gani ba."

"Watansa nawa?"

"Goma sha ɗaya."

"Yana cin abinci?"

Na ce har tuwo. Ta sauke tabaran ta dube ni ta samansa. Ta ce shayarwa tana tsare mace ne a wata shidan farko kawai, shi ma in nono zalla yaro yake sha dare da rana kuma jini bai dawo ba. Ta ce mace kan yi ƙwai kafin ta ga jinin farko, shi ya sa da yawa ba sa sanin ranar da abin ya shiga. Ta miƙo mini 'yar roba, wai ƙa'ida ce, ba a haska mace sai an tabbatar. Na karɓa ina mita a raina, hannu yana zugi ana ce mini fitsari.

Minti biyar ba a yi ba ta dawo. Yaya tana zaune a bencin da ke gefena, filasta a goshi, Auta yana wasa da bakin mayafinta. Sista ta ajiye abin gwajin a kan tebur, layi biyu ɓaro-ɓaro, ta ce, "To, barka biyu. Kina da ciki."

Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Da ƙarfi na faɗa, ba a zuci ba. Irin yadda ake faɗa in an aiko da rasuwa.

Sista ta ɗaga gira ta ci gaba da rubutunta, ita ta saba. Ni kuwa ina rufe baki na tuna wadda ke zaune kusa da ni. Shekara goma sha biyu Yaya tana gidan miji ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba asibitin da ba ta taka ba, ba rubutun da ba ta sha ba, an yi mata kishiya ta haifi uku a gabanta, ita ke yi musu wanka. Matar da awa ɗaya da ta wuce ta sa goshinta ta tare wa ɗana ƙarfe. A gabanta mota ta kusa hallaka mu na yi hamdala, a gabanta aka ce Allah Ya ba ni ciki na yi salallami.

Ba ta dube ni ba. Ta gyara wa Auta hula, ta ce a hankali, "Allah Ya raba lafiya, Maman Ummi." Ta miƙo mini shi, ta ce bari ta samo mana ruwa. Mai ruwan leda yana nan bakin ƙofa, ina hango shi ta taga. Sai da ta yi kusan rabin awa.

Da ta dawo idonta ya yi ja, ta ce hazo ne.

Sauran duk a sama-sama na ji su. An rufa mini wata riga mai nauyi a ciki aka ɗauki hoton, targaɗe ne, ƙashi lafiya. An yi sikanin, sati tara, ga wani ɗan ɗigo yana ta harbawa a allo, likita ya ce zuciya ce. Ya soke maganin ciwon da ya fara rubutawa ya mayar da shi farasitamol, ya ƙara da folik asid, ya ce in na ga jini ko mara ta murɗa kada in jira gari ya waye, kuma in fara awo. Sati tara! Ni da nake ɗora kasalar nan a kan sanyi, ƙin warin daddawa kuma a kan mai daddawar.

Abbansu da ya iso ya gama duba mu, na faɗa masa a kunne, sai ya fashe da dariya: "Ikon Allah. Ku huɗu na sallama, ashe ku biyar ne a motar." Shi ke nan nasa. Maza!

Hajiya kuwa ko zama ban yi ba ta yanke hukunci: kwanika ce, a cire yaro daga nono kafin ya sha ciki ya lalace. Na ce mata sista ta ce in dai cikin lafiya yake ba abin da nonon zai yi masa, ni ce dai zan ƙara ci. Ta ce sistar ta haifi nawa? Na yi shiru. Yau ba ni da ƙarfin wannan shari'ar.

Ba wai ba na so ba ne, ku fahimce ni. Ummi shekararta huɗu, Auta ko tafiya bai fara ba. Na ci burin in shayar da shi shekara biyu cur kamar yadda ya zo a Baƙara, in koma shagon ɗinkina bayan Sallah, har kuɗin haya na biya. Haihuwar Auta kun san yadda na sha, leda biyu aka ƙara mini. Duk wannan ne ya taru ya fito ta bakina kafin hankalina ya iso. Amma wa zai tsaya ya yi wa Yaya wannan lissafin? Kuma in na yi mata, me zan ce? Ki yi haƙuri, abin da kike kuka a kansa ya yi mini yawa?

A mota da muke dawowa daga Kura har Na'ibawa ba ta ce uffan ba, sai shafa kan Auta take. Da za ta sauka na ce, "Yaya, sannu, Allah Ya saka da alheri." Ta ce, "Haba, ɗana ne fa." Har da murmushi. Da ma faɗa ta yi mini.

Mayafinta yana jakata, duk jini da ruwan tumatir. Na jiƙa shi a bokiti, da hannu ɗaya ba zan iya cuɗawa ba.

Ummi ta tambaya ko an kawo mata rake. Yana can cikin but ɗin mota a garejin bakanike.

Ɗazu sha biyu da kwata saƙonta ya shigo: "Kin sha maganin? In kin yanke shawarar yaye, ki kawo mini shi, kada ki kai wa Hajiya, ba ta da ƙarfin raino. Ki kwanta ta hagu saboda hannun."

Na rubuta amsa doguwa na goge. Na sake rubuta wata na goge. Yanzu "To Yaya" ce kawai a akwatin, ban tura ba, ga shi kuma tana nuna mini ita ma ba ta yi barci ba.