Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tulun Baffa

Yaya Babba ta bugo waya, wai makon jiya na tsallake maganar Baffa. Ina sane. A zaurenmu na Kwarbai, ranar da aka ce na samu gurbin karatun likita, ya ce, "Mai zuwa rafi shi ke fasa tulu." Na ɗauka zancen tsofaffi ne.

Tulun ƙaramin likita sau da yawa ɗigo ne ke fasa shi. Ya rubuta .5, ɗigon bai fito a takarda ba, nas ta karanta 5, jariri ya sha ninki goma. Shi ya sa ake sa sifili a gaba, 0.5, kuma ba a rubuta 5.0. Ko kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro: miligiram 10 a kowane kilo na nauyin majiyyaci, cikin ƙarin ruwa, ya ɗiga awa huɗu. Wanda ya kwana bai runtsa ba sai ya bar ruwan ya zuba da gudu, ya manta auna sukarin jini, alhali kwinin na sauke shi.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Ya yi ta buɗe fayil ɗin, ya riƙa rubuta gwaje-gwajen da ba a buƙata, wani ma ya tsani ɗakin yara har abada. A 2000 wani likitan Amurka, Albert Wu, ya kira irin wannan likita mutum na biyu da kuskuren ya jikkata. Mu nan da ƙari: uban yaron zai kama hannunka ya ce, "Likita, kun yi ƙoƙari, kwana ne ya ƙare." Wannan ta fi zagi ciwo.

Waɗanda suka miƙe bayan kuskure, a daren suka gaya wa na sama da su. Suka rubuta lokaci da adadin maganin ba goge-goge, suka zauna da iyaye tare da babban likita aka faɗi gaskiya, washegari suka koma zagaye da wani a gefensu.

Amma akwai wani babba, ba zan kama suna ba, da ke tsayar da ƙaramin likita a taron bitar mace-mace ya ce, "Faɗa musu yadda ka kashe shi." Shi da ko an kira shi da dare wayarsa a kashe take. Ina zai fasa tulu? Baffa bai san shi ba. Da babban nan ya yi ritaya aka aiko min katin walima, ban je ba.