Mako na biyar ina fama da fumfunar bango: ashe ruwan iri biyu ne

'Yan uwa masu koyon gyaran gida da hannunsu, ga inda aka kwana kan ɗakinmu na nan Zariya.

Kun tuna a tsakiyar marka, cikin Agusta, na janye wadirof ina neman takalmi sai na tarar bango ya yi baƙi ƙirin, ga warin danshi. Abin da na yi a lokacin wauta ce: na goge da tsumma, na lafta fentin mai a kai. Ba a yi mako biyu ba fentin ya kumbura, ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, fumfunar ta sake leƙowa. Kuɗin fenti ya tafi a banza, uwargida kuma har yau tana yi mini dariya.

A wannan karon ban taɓa soso ba sai da na nemo inda ruwan ke fitowa. Wani birkila maƙwabcina ya nuna mini dabara. Na yanki farar leda kamar faɗin littafi, na manna ta a bango da salatif ta kowane gefe, na bar ta kwana 2. Idan raɓa ta kwanta a saman ledar, laimar iskar ɗaki ce ke sauka a bango mai sanyi. Idan kuwa ƙarƙashinta ne ya jiƙe, to daga cikin bangon ruwan yake. Na manna guda biyu, kowacce ta ba ni amsa dabam.

Ta bayan wadirof a samanta raɓa ta kwanta. Laifinmu ne: taga a rufe saboda sauro, shanya a cikin ɗaki duk ranar da hadari ya haɗu, ga kaya jingine da bango babu hanyar iska. Fumfuna kuwa awa 24 zuwa 48 sun ishe ta kama wuri mai jiƙa.

Ta bangon gabas, can ƙasa, ita ce ta jiƙe ta ciki. Da na zagaya baya sai na ga indararo yana zuba a gindin ginin, ƙasar wajen kuma ta fi daɓen ɗaki tudu. Bulo yana shan ruwan nan kamar lagwani yana shan kananzir, ya hau da shi sama. Har farin garin da na ɗauka fumfuna ce ashe gishiri ne da ruwa ya fito da shi daga siminti. Na gwada a kofi: ya narke. Fumfuna ba ta narkewa.

Ranar Asabar na yi wankin. Takunkumi, safar hannu ta roba, taga da ƙofa a buɗe, yara a tsakar gida, musamman ƙaramar da ke da asma. Na fara da ruwan omo da burushi, a jiƙe, domin kankarewa a bushe tana watsa ƙwayoyin fumfunar a iska. Bayan na ɗauraye sosai, na shafa kofi 1 na bilic ɗin Hypo a lita 4 na ruwa. Don Allah kada kowa ya haɗa shi da ruwan khal da sunan ƙara ƙarfi; iskar da ke tashi guba ce mai ƙona huhu. Bilic yana aiki sosai a kan tayil, amma a filasta galibi launi yake cirewa, ba ya ratsawa ciki, shi ya sa ban yarda da farin da na gani ba. Kwalaye biyu da tsohuwar darduma na zubar da su.

Yanzu wadirof ya bar bango da taƙi guda, shanya ta koma rumfa, indararo na ƙara masa bututu zuwa kwata. Bangon bayan wadirof ya bushe, mako uku babu ɗigon baƙi.

Na gabas ne bai saki ba. Na ja layi da fensir a iyakar danshin, santimita 60 daga ƙasa, duk Juma'a ina aunawa. Ya sauka kaɗan. Ba zan yi filasta ko fenti ba sai hunturu ya busar da shi, sannan mu kwashe ƙasar baya mu zuba dakalin siminti mai gangara. Fentin ruwa zan sa, ko farar ƙasa, don bangon ya riƙa fitar da laima.