Kwana biyu a ƙafa cikin tsohon birnin Santambul

Na sauka daga tiram mai lamba T1 a tashar Sultanahmet da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke mutane. Wannan shi ne lokacin da ya dace, domin daga ƙarfe goma layin shiga Aya Sofiya, tsohon cocin Rumawa da aka mai da masallaci, kan yi tsawon da zai cinye wa mutum awa guda. Kati ɗaya mai suna Istanbulkart ake sa wa kuɗi a na'urar bakin tasha, shi ke shigar da mutum tiram da bas da jirgin fito. Birnin da kakanninmu ke kira Santambul, Larabawa kuma Kusɗanɗiniyya, Girkawa ne suka kafa shi da sunan Bizantiyom, Sarki Kustantin ya mai da shi babban birnin Rumawa a shekarar 330, Usmaniyawa suka karɓe shi a 1453. Abin da ya kai ni shi ne in ga da idona yadda aka yi wasu ayyuka da ke da wuyar yarda idan a littafi aka karanta su.

Dandalin da ke gefen Masallacin Sultan Ahmad dogo ne, mara faɗi, kuma ba a banza ya ɗauki wannan siffa ba. Filin tseren keken doki ne na Rumawa, tsawonsa kimanin mita 450. Ginshiƙai uku da suka rage suna jere ne a kan layin tsakiya da dawaki ke kewayawa. Duk ukun a cikin rami suke tsaye, an zagaye su da ƙarfe. Ba haƙa aka yi aka dasa su ba. Ƙasa ce ta taso kimanin mita 2 saboda ɓaraguzai da tokar gobara na ɗaruruwan shekaru, gindin ramin shi ne daɓen da dawaki suka taka.

Na farko jan dutse ne guda ɗaya mai tsini, da zanen rubutun Fir'aunonin Masar a fuskokinsa huɗu. Fir'auna Tutmos na Uku ne ya sa aka sassaƙa shi daga dutsen Aswan, aka kafa a Karnak a ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ke nan ya riga ya haura shekara 1,800 a duniya ranar da Sarki Tiyodosiyus ya tsayar da shi a nan a 390. Duba ƙasansa da kyau: rubutun ya yanke a tsakiyar zane, alamar kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa ya ɓata. Ta yaya aka ɗaga shi ba tare da inji ba? Amsar tana sassaƙe a jikin dutsen da yake zaune a kai. Za ka ga ginshiƙin kwance, igiyoyi sun fita daga jikinsa zuwa wasu gumagumai da aka kafa a ƙasa, mutane suna tura sanduna suna juya su, igiya tana naɗewa. Rubutun Latin na gindin ya ce kwana 30 aikin ya ci, na Girkanci da ke ɗaya gefen ya ce 32. Dutsen bai taɓa mazauninsa kai tsaye ba, a kan wasu curi huɗu na tagulla yake zaune, ɗaya a kowace kusurwa. Akwai wani wuri a rubutun Latin da fuskar dutsen ta ɗan lotsa: sunan Furoklus ne, hakimin birnin da ya kula da aikin. An kankare shi bayan an kashe mutumin, daga baya aka sake rubutawa a kan kankararren wurin.

Taku kaɗan gaba akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe koren tsatsa da yawancin masu wucewa ba sa ba shi minti ɗaya. A ganina shi ne mafi daraja a dandalin. Macizai uku ne na tagulla da suka nannaɗe juna, Girkawa suka ƙera don godiya bayan sun ci rundunar Farisa a yaƙin Filatiya a shekarar 479 kafin Miladiyya, suka kafa a Delfi, wurin bautarsu. An zana sunayen birane 31 da suka yi yaƙin a kan naɗe-naɗen ƙasa, waɗanda suka daɗe binne, shi ya sa suka tsira. A da kawunan ukun suna ɗauke da kaskon zinariya, amma tun a Girka mutanen Fokis suka narkar da shi don biyan sojojin haya. Kawunan sun karye a 1700. Muƙamuƙin sama na ɗaya daga cikinsu yana gidan tarihin kayan da na birnin, tafiyar minti goma sha biyar daga nan. Ginshiƙi na uku na tubalin dutse ne, mita 32, jikinsa duk huji. Hujin ƙusoshi ne da suka riƙe farantan tagulla da aka lulluɓe shi da su; Kiristocin yammacin Turai, mayaƙan Yaƙin Giciye na Huɗu, suka ɓamɓare su a 1204, shekarar da suka kwashe dawakin tagulla huɗu na filin zuwa birnin Benis na Italiya.

A wannan fili aka yi boren da ya haifi Aya Sofiya. A Janairun 532 magoya bayan ƙungiyoyin tsere biyu, Shuɗaye da Koraye, suka haɗa kai a kan Sarki Jastiniyan, suka ƙona tsohon cocin da ke inda Aya Sofiya take yanzu. Sojoji suka rufe ƙofofin filin suka kashe mutum wajen 30,000. Bayan 'yan makonni aka fara sabon gini, aka buɗe shi ranar 27 ga Disamba, 537. Shekara biyar da wata goma kacal.

Wannan sauri ya zo da tsadarsa, kuma daga benen sama ake ganinta. Tun Janairun 2024 baƙi masu kallo ta ƙofa daban suke shiga da tikitin yuro 25, su hau bene ta wata gangara mai lanƙwasa. Masallata kuma su shiga ƙasa kyauta. Mata su zo da mayafi. Da ka isa sama, tsaya ka daidaita idonka da ginshiƙan gefe: sun karkata waje, daɓen mabul kuma ya tsattsage ya yi tudu da kwari. Dalili shi ne maginan biyu, Antemiyus da Isidor, masana lissafi ne da suka ɗora ƙubba mai faɗin mita 31 a kan bakuna huɗu, suka cike kusurwoyin da lanƙwasassun bangaye masu kusurwa uku domin da'ira ta zauna a kan murabba'i. Kwaɓin da suka yi amfani da shi na farar ƙasa ne da yashi da garin jan bulo, kuma kaurinsa tsakanin bulo da bulo ya kai kaurin bulon kansa ko ya fi. Irin wannan kwaɓi yana daɗewa bai kama ba. Aka yi ta ɗora nauyi a kan gini ɗanye, manyan dirkokin suka fara buɗewa tun ana aiki. Ƙubbar farko kuma ba ta da zurfi, ta yi kama da faranti a kife, irin wadda ke tura bango gefe maimakon ta danna shi ƙasa. Girgizar ƙasa ta 553 da ta 557 suka tsaga ta, ta rufto ranar 7 ga Mayu, 558.

Isidor ƙarami, ɗan ɗan'uwan Isidor na farko, shi ya gyara. Ya ƙara wa ƙubbar tsayin kimanin mita 6 don nauyin ya riƙa sauka ƙasa, ya raba ta da haƙarƙari 40, da taga ɗaya tsakanin kowane biyu. Ita ce ke sama har yau, mita 55 da ɗoriya daga daɓe, ko da yake wani sashe ya faɗi a 989, magini Tirdat ɗan Armeniya ya gyara, wani kuma a 1346. Manyan tokaran da suka sa ginin ya yi kumburi daga waje, wasunsu aikin Sinan ne, babban maginin Usmaniyawa na ƙarni na 16. Ba don su ba da wuya ginin ya kawo yau.

A kan dogarin mabul na benen kudu akwai wasu 'yan zane-zane kamar an karce da bakin wuƙa, an rufe su da gilashi. Haruffan mutanen arewacin Turai ne, waɗanda Turawa ke kira Vikings, kuma abin da ake iya karantawa shi ne ƙarshen sunan Halfdan. Sai a 1964 aka gane ko mene ne. Me ya kawo mutumin ƙasar ƙanƙara nan? Koguna. Suna gangarowa ta kogin Dinifa zuwa Baƙin Teku, su ja jiragensu a ƙasa inda ruwa ke da duwatsu. A 988 Sarki Basil na Biyu ya karɓi mayaƙa 6,000 daga Biladimiya, sarkin Kiyef, daga cikinsu aka kafa rundunar dogaran sarki. Daga wannan wuri idan ka leƙa ƙasa za ka ga mihrabi bai zauna a tsakiyar lungun gabas ba, ya gusa dama, domin an daidaita shi da alƙibla ne ba da ginin ba. Alluna takwas masu faɗin mita 7 da rabi, masu ɗauke da sunan Allah da na Annabi (SAW) da halifofi huɗu da Hasan da Husaini, Mustafa Izzat Efendi ne ya rubuta su lokacin gyaran 1847 zuwa 1849.

Tsallaken titi akwai matakala 52 da ke sauka zuwa rumbun ruwan Yerebatan. Birnin teku ya kewaye shi ta gefe uku amma ba shi da kogin sha, don haka ana jawo ruwa daga dazuzzuka ta magudanai a tara a ƙarƙashin ƙasa saboda rani da ranar da abokan gaba za su yanke hanya. Tsawonsa mita 138, faɗi 65, ginshiƙai 336 a layi 12, kowane layi 28, yana ɗaukar ruwa mita kubik 80,000. Ginshiƙan ba iri ɗaya ba ne, daga tsofaffin gine-gine aka tsinto su. A can lungu akwai kawunan dutse biyu na Medusa, wata dodanniya ta tatsuniyar Girkawa, ɗaya a kife, ɗaya a kwance ta gefe. Masu yi wa baƙi jagora suna son cewa an juya su ne don kashe mugun idonta. Ni da na dubi gajerun ginshiƙan da ke kansu, bayanin da ya fi kwanta mini shi ne magini yana neman ɗauri mai daidai tsayi a wurin da ruwa zai rufe.

Washegari na nufi ganuwa. A nan ake yawan kuskure: tashar tiram mai suna Topkapı ba ta kusa da Fadar Topkapı, tana bakin ganuwa ne, kilomitoci a yamma. Wadda nake nema ke nan. An gama wannan ganuwa a 413, kuma hawa uku ce. Daga waje akwai gwalalo mai faɗin mita 20, sai ƙaramar ganuwa, sai babba mai tsayin mita 12 da kaurin kusan 5, da hasumiyoyi 96. Wanda ya haye ta farko zai faɗa fili tsakanin bango biyu, ana harbinsa daga sama. Jikin bangon farin dutse ne da aka ratsa da layukan jan bulo da ke ɗaure fuska da ciki. A 447 girgizar ƙasa ta rushe hasumiyoyi 57 a daidai lokacin da Atila, sarkin mayaƙan Hun, ke gabatowa, aka tayar da su cikin kwana 60.

Bi ganuwar arewa zuwa ƙofar Edirne za ka ji ƙasa ta gangara kwari. Nan ne raunin birnin, domin mai tsaye a tudun waje yana kallon kan bango, nan kuma Sultan Muhammadu na Biyu, yana da shekara 21, ya girke manyan igwoginsa ranar 6 ga Afrilu, 1453. Maƙerinsu, Orban, ya fara kai kansa wurin Sarki Kustantin na Sha Ɗaya, amma babu kuɗin biyansa. Babbar igwar tagulla ce mai tsawon kusan mita 8, aka zuba ta a Edirne, shanu 60 suka jawo ta, tana jefa dutse mai nauyin wajen rabin tan. Aibinta zafi: bayan kowane harbi sai an shafe ta da mai an jira ta huce don kada ta tsage, shi ya sa ba ta wuce harbi bakwai a yini. Masu tsaron, da ba su fi 7,000 zuwa 8,000 ba, sukan fito da dare su toshe ɓarakar da katako da gangunan ƙasa. Ƙasa mai laushi tana haɗiye dutsen igwa fiye da bango.

Sai batun jiragen da suka yi tafiya a tudu. Rumawa sun toshe bakin mashigin ruwa na Ƙahon Zinariya da sarƙar ƙarfe da itatuwa ke riƙe da ita a saman ruwa. Da aka kasa tsinka ta, Sultan ya sa aka share hanya ta bayan tudun Galata, aka shimfiɗa gumagumai aka shafe su da kitse, shanu da mutane suka ja jirage wajen 70 suka zura su bayan sarƙar ranar 22 ga Afrilu. Jiragen ba su fasa bango ba. Amfaninsu shi ne sun tilasta a kwashe mutane daga ganuwar tudu zuwa ta bakin ruwa, wadda ta nan ne aka ci birnin a 1204. Ranar 29 ga Mayu, kwana na 53, aka ji wa Justiniyani, kwamandan Jenowa da ke riƙe da kwarin, rauni, aka ɗauke shi, mutanensa suka bi shi, sahun ya watse.

Daga ƙarshen ganuwar na gangara bakin ruwa na hau tiram T5 zuwa Eyüpsultan. A nan kabarin Abu Ayyub al-Ansari yake, sahabin da Annabi (SAW) ya sauka a gidansa a Madina. Ya fito da rundunar zamanin Mu'awiya yana tsoho tukuf, ciwo ya kama shi, ya yi wasiyya a kutsa da gawarsa iyakar inda za a iya kaiwa sannan a binne shi. Malamin Sultan, Akshamsuddin, shi ya nuna wurin bayan cin birnin, aka gina masallaci a 1458, kuma a da a farfajiyarsa ake rataya wa sababbin sarakunan Usmaniyya takobi. Ana cire takalmi a bakin hubbaren. Na isa ana kiran la'asar, na bi sahun masu alwala a ƙarƙashin tsohuwar bishiyar da ke tsakar farfajiyar.